IN INJI YA ƘI KAWO WUTA, KADA KA YI SAURIN CEWA BOBIN NE

Ina gaida malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu, maza da mata, waɗanda suka taru gindin rediyo. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Bande, da na Magarya, da na Dungas, da dukan masu lambu na kwarin Korama.

Yau hirarmu a kan wani ɗan ƙaramin abu ce da ke cikin inji. Girmansa bai kai dunƙulen hannu ba. Amma in ya mutu, jirgin ruwa cike da mutane da kaya sai ya tsaya cik a tsakiyar kogi. Masu gyara na ƙasarmu suna ce masa bobin. In ka ƙetara iyaka, wajen Ɓaɓura ko Kano, za ka ji ana ce masa kwayil. Duk abu ɗaya ne.

Na san wani a Bande zai ce: "Malam, mu ina muka ga jirgi mai inji? Ruwanmu na tabki ne da na rijiya." Gaskiyarka. Amma injin ban ruwa da ke bakin rijiyarka, da babur da ke ƙofar gidanka, da injin da ake rataya wa kwalekwale a Gaya ko a Yawuri ko a Tabkin Cadi, duk dangi ɗaya ne. Isansi suke sha, wanda wasu ke kira fetur. Buji ke kunna su, wato fulogi. Kuma bobin ke ba buji wuta. Ga shi kuma samarinmu suna tafiya cin rani bakin ruwa. Wanda ya koyi wannan a lambun babansa, ranar da ya shiga jirgi ba baƙo ba ne. Injin da babu ruwansa da wannan hira shi ne mai shan gazuwal, kamar injin niƙa. Shi ba ya da buji, ba ya da bobin.

To, mene ne aikin bobin?

In ka ja igiyar inji, akwai wani faifai na ƙarfe mai nauyi da ke juyawa. A jikin faifan an dasa mayen ƙarfe, wato maganaɗisu. A injin ban ruwa, bobin yana zaune dab da faifan nan, amma ba ya taɓa shi. Cikin bobin kuwa waya ce ta jan ƙarfe, an naɗe ta kamar zare a mazari. Naɗin biyu ne. Na farko waya ce mai ɗan kauri, zagayenta kaɗan. Na biyu waya ce siririya kamar gashin kai, zagayenta dubbai. Duk sa'ad da mayen ƙarfe ya gifta, sai ƴar wuta ta tashi a naɗin farko. Nan take sai a katse ta. Katsewar nan ita ke sa wuta mai tsananin ƙarfi ta tashi a naɗi na biyu. Sai ta bi babbar waya baƙa, ta isa buji, ta yi tsalle a bakinsa. Tartsatsin nan shi ke kunna mai.

Ana auna ƙarfin turin wuta da ma'aunin da ake kira bolt. Batirin tocila bolt 1 da rabi ne. Batirin mota bolt 12. Wutar gida bolt 220. Wutar da bobin ke aika wa buji kuwa ta wuce bolt dubu 10. Kuma ba sau ɗaya yake yi ya huta ba. Injin ban ruwa in ya ware, faifansa na juyawa har sau 3600 a minti guda, kuma kowane juyi sai bobin ya ba da wuta. Sau 60 ke nan a daƙiƙa guda.

Wannan dabara ta daɗe. A shekarar 1831 wani masani a Ingila, Maikel Faraday, ya gano cewa mayen ƙarfe in ya gifta kusa da naɗaɗɗiyar waya yana tayar da wuta a cikinta. A 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wannan wuta mai ƙarfi da ke aiki da buji. A 1909 wani mutum a Amurka, Ole Evinrude, ya ƙera injin ratayawa a bayan kwalekwale wanda ya karɓu a kasuwa. Daga can abin ya iso har kwarinmu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan hira. Bobin yana mutuwa, gaskiya ne. Amma sau da yawa laifin da ake ɗora masa ba nasa ba ne.

Mu ɗauka ga wani mai lambu a Bande. Watan Maris ne, rana ta buɗe. Albasa ta soma ƙwai, ga sabon dashen rake. Ya ja igiya da safe, inji ya ƙi tashi. Ya ja har kafaɗa ta yi tsami. Maƙwabcinsa ya leƙo ta kan darni ya ce: "Ai bobin ne, nawa ma haka ya yi bara." Sai ya hau mota ya tafi Magarya, ya sayo sabon bobin, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Aka ɗaura. Inji bai ce uffan ba. Kwana biyu sun wuce, fangali ya tsattsage, ganyen albasa ya kwanta. Ashe baƙin mai ne ya yi ƙasa a cikin inji. Kofi guda na mai da ya ishe shi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Saboda haka a fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Da farko ka tabbata ciwon na wuta ne, ba na mai ba. Akwai mai a tanki? Famfon mai a buɗe yake? A jirgi, tankin yana da ɗan murfin shan iska a bisansa. In an manta shi a rufe, inji zai yi ƴar tafiya ya shaƙe ya mutu. Kunne ma yana taimako. Injin da mai ya yanke wa yakan yi ta ja yana saki, murya na hawa tana sauka, kana ya mutu sannu a hankali. In ka ja cok, ko ka matsa ƴar robar nan ta tiyon mai, sai ya ɗan farfaɗo. Wanda wuta ta yanke wa kuwa yakan mutu farat ɗaya, kamar an hure fitila. Ko kuwa ya riƙa tsallake bugu yana harbi kamar bindiga.

In ka ga alamar wuta ce, sai ka kwance buji ka dube shi. In bakinsa jiƙe yake da mai, to mai yana zuwa, wuta ce ba ta kunna shi. In ya yi baƙi ƙirin da gawayi, wuta tana bin gawayin ne ta sulale, ba ta tsalle. Injin jirgi ya fi yin wannan, domin yawancinsu ana gauraya musu baƙin mai a cikin isansi. Ga da yawa daga cikinsu awon shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na isansi, wato rabin lita cikin lita 25. Wanda ke zubawa da ka, yana cewa gara ya yi yawa, shi ne kullum bujinsa ke toshewa.

Sai gwajin tartsatsi. A nan ina roƙonku ku saurara da kyau, domin a nan ake jin ciwo.

Ka goge duk man da ya zube. Ka kawar da jarkar isansi nesa. A cikin jirgi tururin isansi yana kwanciya a ƙasa, domin ya fi iska nauyi, kuma tartsatsi guda ya isa ya tayar da gobara. Kada kowa ya sha taba a wurin. In jirgi ne, a fitar da shi daga giya. Sa'an nan ka mayar da buji cikin hularsa, ka kwantar da zarensa na ƙarfe a jikin inji, wuri mai tsabta wanda babu fenti, nesa da ramin da ka ciro shi. Kada ka riƙe shi da hannu tsirara, balle da jiƙaƙƙen hannu. Ka danne shi da busasshen itace. Wani ya ja igiya da ƙarfi, kai kana kallo. In rana ta yi yawa, ka yi inuwa da hula.

Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana ƙara, tas, tas, tas. Wuta mai rauni siririya ce, ja-ja ko rawaya, tana zuwa tana ɗaukewa.

Amma ku lura da wata yaudara. Tsalle a fili ya fi sauƙi. A cikin inji iska a matse take, kuma wuta tana shan wuya kafin ta ratsa matsattsiyar iska. Saboda haka bobin mai rauni yana iya nuna wuta a waje, ya kasa a ciki. Masu gyara suna da dabara. Sukan ajiye wani tsohon buji mai kyau, su buɗe bakinsa sosai, kamar milimita 6, wato kusan kaurin fensir. Wutar da ta tsallake wannan a fili, za ta yi aiki a ciki. Wannan buji na gwaji ne kawai, ba a ɗaura shi a inji.

Akwai kuma abin da ba a yi ko kaɗan. Kada ka ja igiya alhali babbar waya tana reto, ba ta da inda za ta zubar da wutarta. Wutar nan dole ta nemi hanya. In ba ta samu a waje ba, sai ta huda cikin bobin. Mutum yana neman ciwo, sai ya zama shi ya jawo shi.

To, an gwada, babu wuta. Har yanzu ba a kama bobin da laifi ba. Ka sa wani buji wanda ka san yana aiki. Buji ya fi komai arha, kuma ya fi komai yawan mutuwa. Tazarar bakinsa a yawancin injin ban ruwa milimita 0,7 zuwa 0,8 ce, wato ba ta kai milimita 1 ba. In ba ka da ma'auni, ka nemi katin robar nan da ake ɓalle sim na salula daga jikinsa. Kaurinsa daidai wannan tazara yake. Na jirgi kuwa ya danganta da irin injin, daga 0,6 har zuwa milimita 1.

Sai hular buji. A yawancin injuna murɗa ta ake yi a kan waya, saboda haka tana fita. Ka cire ta ka dubi bakin wayar. In ya yi kore ko baƙi, tsatsa ce. Ka yanke kamar faɗin farce, ka mayar. Injuna da yawa a nan suke warkewa.

Yanzu mun zo wurin da na fi so ku riƙe. Bayan babbar waya, akwai wata siririya da ke fita daga bobin zuwa makunni. Mutane da yawa suna tsammani ita ke kawo wa bobin wuta. Ba haka ba ne. Ita ce ke kashe shi. Ku masu ban ruwa kun san yadda ake yi: in kana so ruwa ya daina shiga fangali, sai ka fasa masa wata hanya tun bai iso ba. Haka makunni ke yi. In ka kashe, sai ya haɗa siririyar wayar nan da jikin inji, wuta ta zube can, buji ya rasa. To, in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ɓera ya ci rigarta lokacin da inji ke ajiye da damina, ko ruwa ya shiga makunni, inji zai zauna a kashe ko da makunni na nuna a kunne yake.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka zare siririyar wayar nan daga bobin, ka sake gwada tartsatsi. In wuta ta dawo, bobin lafiyarsa lau. Ciwon yana ga waya ko makunni. Sai dai ka tuna, muddin wayar nan a zare take, makunni ba zai kashe inji ba. In ya tashi, sai ka rufe famfon mai. Kuma kada wani ya ba ka shawarar jona batiri a wayar nan wai don a ƙara wa bobin ƙarfi. Ƙone shi zai yi.

A kan wannan waya wasu injunan ban ruwa suke da mai gadin baƙin mai. In mai ya yi ƙasa, shi ne ke kashe wuta don kada inji ya ƙone. Abin da ya sami mai lambunmu na ɗazu ke nan. Ko mai bai ƙare ba, in ka ajiye inji a karkace a gangaren rijiya, man zai koma gefe guda, mai gadi ya ɗauka babu. Ka daidaita shi a shimfiɗaɗɗen wuri. Ƙaramin injin nan da aka saba gani, Honda GX160 da masu kama da shi, cikinsa na ɗaukar baƙin mai wajen lita 0,6, wato rabin lita da ɗan ɗori. A jirgi kuma akwai ƴar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, mai ɗan maƙali a bakinta. An yi ta ne don in ya faɗa ruwa inji ya mutu. In maƙalin nan bai zauna daidai ba, ko ka kwana kana jan igiya ba za ka ga wuta ba.

In an zare siririyar waya, an sa buji mai kyau, an gyara hula, har yanzu shiru, to yanzu ne za a buɗe murfi a dubi bobin kansa.

Ka dube shi da ido tukuna. Ya tsage? Ya kumbura? Robarsa ta narke? Ka sansana, yana warin ƙuna? Notinsa biyu a ɗaure suke tamau? Wurin da ƙafarsa ke zama a jikin inji dole ya zama fes, domin ta nan wuta ke komawa. Laimar fadama da ƙasa mai kanwa ba su barin ƙarfe lafiya. In akwai tsatsa, ka kankare. Sai tazara tsakanin bobin da faifai. A injin ban ruwa wajen milimita 0,4 ce. Ka ninka takardar rubutu ta zama ninki huɗu, ka sa ta tsakani, ka juyo mayen ƙarfe ya fuskanci bobin, ka sassauta noti. Mayen zai jawo bobin ya danne takarda. Ka ɗaure, ka juya faifai, takarda ta fita. In tazara ta yi faɗi, wuta za ta yi rauni. In babu tazara, faifai zai riƙa gurzar bobin.

Akwai alama guda wadda in ka gan ta, ka fi kusa da kama bobin dumu-dumu. Inji ya tashi lafiya da sanyin safiya. Ya yi minti 20 ko rabin awa yana aiki. Da ya ɗau zafi sai ya soma tsallake bugu, ya mutu. Ka ja, ka ja, ya ƙi. Ka tafi ka sha fura ka dawo, ja ɗaya ya tashi. Bayan rabin awa ya sake mutuwa. Dalili shi ne, siririyar wayar cikin bobin an shafe ta da wani abu kamar ƙaro, don kada zagaye ya taɓa zagaye. In shafen ya tsufa ya tsage, ko wayar ta soma tsinkewa, da sanyi bakin tsagar a haɗe yake. Zafi kuwa yana buɗa shi. Saboda haka irin wannan inji, da zafinsa ake gwada shi. Yana mutuwa, ka ciro buji da tsumma, ka gwada nan take. In babu wuta da zafi, amma akwai da sanyi, kuma siririyar waya a zare take, to a injin ban ruwa magana ta ƙare. Bobin ne. Ba a ɗinke shi, ba a liƙe shi. Sai sabo.

Wani gwajin kuma da dare ake yin sa. Ka tayar da inji cikin duhu, ka tsaya gefe ka kalli babbar waya. In ka ga shuɗin haske yana wasa a jikinta, ko yana tsalle zuwa ƙarfe, wuta tana yoyo ke nan, kamar tiyon da ƙaya ta huda.

Injin jirgi ya ɗan fi wannan rikici, kuma a nan kuɗi ya fi zubewa a banza. Yawancin na yanzu naɗin wayarsu kashi uku ne. Akwai wanda ke ƙarƙashin faifai yana haifar da wuta. Akwai ɗan ƙarami da ke faɗin lokacin da za a sake ta. Wutar tana taruwa cikin wani baƙin akwati da ake kira CDI. Daga akwatin take zuwa ga bobin na waje, wanda ke manne da wayar buji. Kowanne daga cikinsu yana iya mutuwa, kuma kowanne yana iya yin ciwon zafin nan da na faɗa. In mai gyara ya ce maka bobin ne, ka tambaye shi: wanne?

Sa'ar da ake da ita, injin jirgi yawanci buji biyu gare shi, wani lokaci kowane buji da bobin nasa. In inji ya rage ƙarfi, yana kakkarwa, ba ya iya tura jirgi gaban ruwa, wataƙila ɗaki ɗaya ne ke aiki. Ka kashe ka ciro duka biyu. Wanda ke jiƙe, bai yi zafi kamar ɗan uwansa ba, nan ne ciwon yake. Ka musanya bujin biyu tukuna. In ciwo ya bi buji, ka huta. In bai bi ba, ka musanya bobin biyun, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. In ciwo ya bi bobin, ka kama ɓarawo, ba ka kashe ko dala ba. In ya tsaya inda yake, bobin ba shi da laifi, a duba akwati da abin da ke ƙarƙashin faifai. In kuwa duka biyun suka ɗauke wuta lokaci ɗaya, da wuya a ce bobin biyu sun mutu rana guda. Ka koma kan makunni da igiyar hannu.

Abu biyu kuma game da jirgi. Kada a tayar da injinsa a tudu. Da ruwan kogi yake sanyaya jikinsa, kuma ƴar robar da ke jawo ruwan tana ƙonewa cikin ɗan lokaci in ta juya a bushe. A sa ƙafarsa cikin ruwa ko cikin tano, a ga yana fitar da ɗan siririn ruwan nan ta baya. Na biyu, in farfela ta daki kututture ko dutse, daga nan inji ya ƙi tashi ko ya riƙa fizge igiya daga hannunka, alhali ga wuta shuɗiya, to a duba ɗan ƙarfen da ke riƙe faifai a mazauninsa. In ya karye, faifai ya goce, wuta tana zuwa ba a kan lokaci ba.

Masu gyara a Damagaram da Magarya suna da mita ta auna waya. Ma'auninta sunansa om. A injin ban ruwa irin wanda na ambata, naɗin farko yakan nuna wajen om 1, na biyu wajen om dubu 6 zuwa dubu 7 in an cire hula. In mita ta nuna hanya a yanke take, bobin ya mutu, babu gardama. Amma in ta nuna daidai, wannan bai wanke shi ba. Mita da ɗan batiri take aiki, kuma a sanyi take aunawa. Ba ta ganin tsagar da sai zafi ke buɗa ta. Ni dai, tsakanin mita da gwajin zafi, na fi yarda da gwajin zafi.

In ta tabbata sai an saya, ka tafi da tsohon a aljihu. Bobin yana kama da bobin, amma tazarar ramukan noti da tsawon waya sukan bambanta. A nan karatunku zai yi muku rana. A jikin inji akwai suna da lamba. A jikin farin buji ma akwai baƙaƙe da lambobi, kamar BPR6ES da ake gani a injin ban ruwa da yawa. Ka kwafe su a littafinka harafi bayan harafi. In ka isa kanti, ka karanta abin da ke jikin kwali da kanka, ka gwada da abin da ka rubuta. In za ka aiki yaro ko direba, takardar nan za ka ba shi.

Sabon da ka ɗaura kuma, ka nemi abin da ya kashe na farko, in ba haka ba shi ma zai bi sahu. Zafi ne babban maƙiyinsa. Ƙura da ganyen rake da ɗakin zanzaro suna toshe hanyar iska a jikin injin ban ruwa. Ka share su. Kada ka bar inji yana aiki babu murfin faifai, domin murfin ne ke kora iska inda ake bukata. Ka yi masa ƴar rumfa. Kada ka watsa masa ruwa da zafinsa. Bujin da bakinsa ya cinye ya yi faɗi yana wahalar da bobin, ka canja shi tun bai kai haka ba. In damina ta zo za ka ajiye inji, ka ɗora shi bisa wani abu a busasshen ɗaki, inda ɓera ba ya kai.

Ku kuma na bakin ruwa, naku ya fi tsanani. Mai lambu in injinsa ya mutu, ya koma ga guga. Jirgi in ya mutu a tsakiyar Kwara, ruwa zai juya shi a kaikaice, ya tafi da shi inda ya ga dama. A tabki kuma iska ce ke tura shi. Injin da ya taɓa mutuwa da zafi sau ɗaya, kada ka ɗauki mutane da shi don kawai ya tashi da safe. Bayan gyara, ka yi ta zagaye kusa da gaɓa har ya wuce lokacin da ya saba mutuwa. Kada filafili da sandar tuƙi su bar cikin jirgi, haka ma igiya da abin kafe jirgi, da rigar ruwa ga kowa. Buji biyu sababbi da makwancinsu, ka sa su cikin gwangwani mai murfi inda ruwa ba ya shiga, ka ɗaure gwangwanin a jikin jirgi.

Malaman aji, in da hali a kawo tsohon buji da tsohon bobin gobe, kowa ya riƙe a hannu, ya karanta lambar da ke jiki, ya rubuta ta a allo. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.